Yatsan Da Ke Bisa Kunama

Da sunan Allah nake farawa, gare shi nake neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ba kowane bawa hannu da hankali, ya kuma sanya shi mai amsa tambaya a kansu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan sharhi ne a kan baitoci 6 da na tsara domin 'yan'uwanmu masu aikin ɗamara, wato soja da jandarma da 'yan sanda da masu tsaron kurkuku da dogaran sarakuna. Da yawa daga cikinsu muna sahu ɗaya da su, suna halartar wazifa, suna zuwa zikirin Juma'a, 'ya'yansu suna makarantunmu. Mas'alar kuwa ita ce: idan babba ya umurci na ƙasa da shi ya harbi wanda bai cancanci harbi ba, ko ya doki ɗaurarre, ko ya ƙone rumbun talaka, kan wa zunubin yake? Abin da ya yaɗu a bakin mutane shi ne wai ɗan aike ba shi da laifi, nauyin duka yana wuyan mai aiken. Ni kuwa abin da na samu wurin malamai shi ne nauyin yana wuyansu su biyu, kuma kason ɗaya ba ya rage kason ɗaya. Ga bayanin haka filla-filla, da yardar Allah.

Fasali na ɗaya

Ɗa'a ga shugaba wajibi ce ba musu,
Sai in ya sa ka ka saɓi wanda ya yi ka.

Ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah ya yi mana muwafaƙa da ni da kai, tsaron jama'a aiki ne mai girma. Wanda ya kwana a farke domin mutanen gari su yi barci, ya tare 'yan fashi a hanya, ya tsare iyaka, yana cikin ibada idan niyyarsa ta gyaru. Wannan aiki kuwa ba ya tsayuwa sai da ɗa'a. Abin da ya sami Musulmi ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, ya ishe mu wa'azi. Maharba 50 aka tsayar bisa tudu aka ce kada su sauka, mafi yawansu suka sauko, nasara ta juye, aka kashe sahabbai kamar 70. Saboda haka kada wani ya karanta wannan sharhi ya ce na buɗe wa soja ƙofar taurin kai.

Amma ɗa'ar nan tana da iyaka. A cikin ayar Suratun Nisa'i da ta yi umurni da ɗa'a ga Allah da Manzo da ma'abota al'amari, malamai sun lura cewa an maimaita lafazin ɗa'a ga Allah da ga Manzo, ba a maimaita shi ga shugabanni ba, domin tasu ɗa'ar reshe ce, a ƙarƙashin ta farko take tsayuwa. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin wata runduna da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aika, ya naɗa musu shugaba, ya hore su da yi masa biyayya. A hanya suka ɓata masa rai, sai ya sa suka tara itace suka hura wuta, ya ce su faɗa ciki. Suka tsaya suna kallon juna, waɗansu suka ce ai gudun wuta ya kai su ga Annabi. Suna nan har wutar ta mutu, fushinsa ya huce. Da labari ya isa ga Annabi sai ya sanar da su cewa da sun shiga da ba su fito ba, kuma biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Duba da kyau: narkon ya hau kan masu shiga ne, alhali shugaban da za su bi Annabi ne da kansa ya naɗa shi. To ina ga wanda takarda ta naɗa?

Mu mutanen ɗariƙa mun fi kowa sanin darajar miƙa wuya ga shaihi. Duk da haka da shaihi zai ce wa muridi ya zubar da jinin maƙwabcinsa, babu mai ilmi ɗaya da zai ce ladabi ne ya aikata. Abin da ba a ba shaihin tarbiyya ba, ba a ba mai tauraro a kafaɗa ba.

Fasali na biyu

Kai mai riƙon bindiga ka ji gargaɗi,
Yatsan da ke bisa kunama shi ne naka.

Fir'auna mutum ɗaya ne, hannunsa biyu kamar na kowa. Jariran Bani Isra'ila da aka yanka, ba shi ya bi gida gida da wuƙa ba. Shi ya sa a Suratul Ƙasasi Allah ya haɗa Fir'auna da Hamana da rundunoninsu a cikin laifi ɗaya, kuma da aka zo halaka teku bai ware mai kambi daga mai mashi ba. Ƙarfin azzalumi aro ne, daga hannun na ƙasa yake aronsa. Ranar da masu hannun suka karɓe abinsu, sai a ga ashe ba shi da kome.

An ga wannan a ƙasar Hausa. A shekarar 1899 waɗansu hafsoshin Faransa biyu, Bule da Shanuwan, waɗanda ake rubuta sunansu Voulet da Chanoine, suka taso daga bakin kogin Kwara suka nufi tafkin Cadi. Turawan da ke cikin ayarin ba su wuce 10 ba, sauran ɗaruruwan masu bindiga duka baƙar fata ne. Suka riƙa ƙone garuruwa suna kashe mutane, suka yi yaƙi da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu, suka auka wa Birnin Ƙonni cikin watan Mayu suka yi kisa mai yawa. Da labarin ɓarnar ya kai Faransa sai aka aiko Kanar Kulob ya tsayar da su. Ya bi sawunsu ta cikin ƙonannun ƙauyuka har ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ran 14 ga Yuli. Bule ya ce a harbe shi, aka harbe shi. Bayan haka sojojin suka fahimci cewa mutumin ya yanke da ƙasarsa, yana nufin ya kafa mulkin kansa da su, babu ranar komawa gida. Sai suka juya. Ran 16 ga wata aka kashe Shanuwan, ran 17 aka kashe Bule. Kaburburansu suna Maijirgi.

Ban kawo wannan labari domin in yabi juyawar ba, kuma ban kawo shi domin a yi koyi da ita ba. Na kawo shi ne domin tambaya ɗaya. Ikon da sojojin nan suka nuna a Maijirgi, ina yake ranar Ƙonni? Yana hannunsu. Bindigogin su ne, yawan shi ne, Turawan ba su ƙaru ba ba su ragu ba. Sun iya cewa a'a ranar da abin ya taɓa su, ba su ce ba ranar da ya taɓa matan wani da 'ya'yan wani. Wanda ya iya ƙi domin kansa, me zai faɗa idan aka tambaye shi don me bai ƙi domin Allah ba?

Kada kuma ka ce wannan magana ta jini ce kaɗai. Muslimu ya ruwaito cewa cikin kashi biyu na 'yan wuta da Annabi ya ba da labarinsu tun bai gan su ba, akwai mutane masu bulala kamar wutsiyar shanu suna dukan jama'a da ita. Masu riƙe da bulalar aka ambata. Dukan wanda ake tuhuma domin ya amsa, rubuta rahoton ƙarya, karɓar kuɗi a hannun matafiya domin a kai wa na sama, ƙwace kayan 'yan kasuwa ba da hukunci ba, duka suna cikin wannan babi. An ruwaito cewa mai tsaron kurkukun da aka tsare Imamu Ahmadu ɗan Hambali ya tambaye shi ko shi yana cikin mataimakan azzalumai. Imamu ya amsa masa cewa mataimakan su ne masu wanke masa tufa da masu dafa masa abinci, shi kuwa yana cikin azzaluman kansu.

Fasali na uku

In an ce ka kashe ko kuwa a kashe ka,
Ransa ba ya zama fansa ga ranka.

Idan ka ce, ya malam, ai soja tilas ake yi masa, in ya ƙi za a ɗaure shi ko a harbe shi, kuma shari'a ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta, sai in ce gaskiya ne ta ɗauke, amma ba a ko'ina ba. An azabtar da Ammaru ɗan Yasiru, Allah ya yarda da shi, har ya furta kalmar kafirci, ya zo wurin Annabi yana kuka, aya ta sauka a Suratun Nahli ta ba da uzuri ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani. Wannan haƙƙin Allah ne, kuma kalma ce, harshe ya furta ta, harshe yana warware ta. Rai kuwa in ya fita ba ya komowa. Shi ya sa malamai suka haɗu a kan cewa tilas ba ya halatta kashe wanda jininsa ya haramta, domin babu dalilin da ya sa ran wanda aka tilasta ya fi na wancan daraja. Wannan ya haɗa Musulmi da wanda ba Musulmi ba da ke zaune cikin amana, gama Buhari ya ruwaito narko mai tsanani a kan mai kashe wanda aka yi alkawarin zaman lafiya da shi.

Saɓanin malamai a kan ƙisasi ne kawai. Abu Hanifa ya tafi a kan cewa mai tilastawa ake kashewa, ban da wanda aka tilasta, ko da yake bai wanke shi daga zunubi ba. A mazhabarmu ta Imamu Maliku su biyun ake kashewa, ɗaya domin shi ne sababi, ɗaya domin shi ne ya aikata da hannunsa, kuma a nan Shafi'i a mafi ƙarfin zancensa da Ahmadu suka tsaya. Shaihu Halilu ya ƙara a cikin Muhtasar cewa idan wanda aka umurta ba ya tsoron mai umurnin, to shi kaɗai ake yi wa ƙisasi. Ka auna wannan, ya kai wanda abin da kake tsoro bai wuce a rage maka girma ko a canja maka wurin aiki ba.

Idan kuma ka ce ni ban harba ba, ƙofa kawai na tsare, ko riƙe shi kawai na yi, to Maliku ya yi bayani a cikin Muwaɗɗa cewa wanda ya riƙe mutum yana sane da cewa kashe shi za a yi, tare ake kashe su da mai kisan. A cikinsa kuma aka ruwaito cewa Sayyidina Umaru ya kashe mutum 5 ko 7 saboda mutum ɗaya da suka haɗu suka kashe a San'a'u. Yawan masu laifi ba ya rarraba laifin ya zama ƙanƙane, kowa cikakke yake ɗauka. Sai dai ka sani zartar da waɗannan hukunce-hukunce na alƙali ne da hukuma, ba a ba kowa ya ɗauki fansa da hannunsa ba.

Fasali na huɗu

Ranar da za a tsaya gaban Mai Sama,
Mai ba ka umurni shi zai fara gudunka.

Alƙur'ani ya ba da labarin wannan tsayuwa a wurare da yawa. A Suratul Baƙara waɗanda aka bi suna barranta daga mabiyansu. A Suratul Ahzabi mabiya suna kuka da cewa manyansu suka bi suka ɓatar da su, kukan bai fitar da su ba. A Suratu Ibrahima masu rauni suna roƙon masu girman kai su ɗauke musu wani abu na azaba, ba su samu ba. Da a ce bin umurni uzuri ne, da a can ya fi cancanta a karɓe shi, gama Mai hukuncin ya san abin da ke cikin zukata.

Tun a duniya ma ana ganin samfurinsa. Hisen Habre ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, yana da hukumar 'yan sandan asiri mai suna DDS, wadda ta azabtar da mutane masu yawa a kurkukunta. Da mulki ya kuɓuce masa a watan Disamba 1990 sai ya tsere ya zauna Senegal, ya bar masu yi masa aiki a baya. A shekarar 2001 aka tsinci takardun hukumar a tsohon ofishinta a Njamena, cikinsu da sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Ma'aikatan ne suka rubuta su da hannunsu domin na sama ya ga ƙwazonsu, sai ga su sun zama shaida a kansu. A watan Maris 2015 kotu a Njamena ta hukunta mutum 20 daga cikin jami'an wancan zamani, 7 ɗaurin rai da rai. Shi kansa Habre kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Mayu 2016, ya mutu a 2021. Idan takarda ta iya yin shaida bayan shekara da shekaru, me kake zato da ranar da za a rufe bakuna hannuwa su yi magana, kamar yadda ya zo a Suratu Yasin?

Dokokin Turawa ma sun iso inda fiƙihu ya daɗe da tsayawa. Bayan yaƙin duniya na biyu, a shari'ar da aka yi wa manyan gwamnatin Hitila a Nurembag ta Jamus, 1945 zuwa 1946, an kafa ƙa'ida cewa bin umurnin na sama ba ya wanke mai laifi, iyaka a duba shi wajen sassauci. Babban hafsansu Kaitel ya kafa hujja da biyayyar soja, aka rataye shi ran 16 ga Oktoba 1946. To uzurin da kotun mutane ta ƙi, kada ka yi guzurin lahira da shi.

Fasali na biyar

Ban ce ka ɗaga makami ga shugabanka ba,
Cewa na yi ka riƙe hannunka.

Idan ka ce, ashe ke nan kowane kurtu zai zama alƙali, ya riƙa auna kowane umurni kafin ya bi, sai in ce a'a. Umurni iri uku ne. Na ɗaya wanda halaccinsa a fili yake, kamar tsaro da sintiri da kama wanda ake tuhuma da yaƙar 'yan fashi masu makami. Wannan ka bi ko da ranka ba ya so, ko da kana ganin akwai dabarar da ta fi. Na biyu wanda ya shige maka duhu, na sama ya san abin da ba ka sani ba. Wannan ma asali ka bi, ka tambaya da ladabi in da hali, nauyin abin da ya ɓoye maka yana kansa. Na uku wanda haramcinsa ba ya ɓuya ga tsohuwa a ƙauye, kamar harbin taron da ba su da makami, da kashe wanda ya miƙa wuya ko yake a ɗaure, da taɓa mata, da ƙone abincin mutane. A wannan kaɗai nake magana, kuma ba ya bukatar karatun Muhtasar kafin a gane shi.

Abin koyinka a nan Abdullahi ɗan Umaru ne, Allah ya yarda da su. A shekara ta 8 bayan hijira aka aiki Halidu ɗan Walidu zuwa ga Banu Jazima. Mutanen ba su iya furta shigarsu Musulunci da lafazin da aka saba ba, Halidu ya fahimce su ba daidai ba, ya kashe waɗansu ya kama waɗansu, ya ba kowane mayaƙi kamamme ɗaya. Wata rana ya yi umurni kowa ya kashe nasa. Ɗan Umaru ya rantse ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai kashe daga cikin mutanensa. Da suka komo Annabi ya ɗaga hannu ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Halidu ya yi, har sau biyu, ya aiki Sayyidina Aliyu ya biya diyya. Bai zargi ɗan Umaru da kome ba. Halidu takobin Allah ne, kuskurensa na ijtihadi ne, duk da haka aka ƙi wannan umurni nasa. Ka lura kuma ɗan Umaru bai zare takobi a kan shugabansa ba, bai raba runduna ba, bai gudu ba. Ya faɗa a fili, ya riƙe hannunsa, ya kai magana gaba. Kai ma haka: ka ce ba za ka yi ba da ladabi, ka nemi a rubuta maka umurnin, ka kai ƙara ga na sama da shi, ka faɗi gaskiya ranar da aka kira ka shaida.

Ba zan ruɗe ka in ce wannan ba shi da tsada ba. Yana iya cin girmanka da albashinka, yana iya kai ka ɗauri, wani lokaci ya fi haka, kuma kana da iyali. Amma arziki ba ya hannun mai sa hannu a takardar albashi, ajali kuma ba ya matsowa saboda an faɗi gaskiya. Yunwar wata shida tana da magani, jinin bawan Allah kuwa shi ne farkon abin da za a hukunta tsakanin mutane ranar Alƙiyama. Ku kuma iyaye da mata da 'yan'uwa na zawiya, in ɗayanku ya rasa aiki ta wannan hanya ku ɗauki nauyinsa, kada ku bar shi ya yi nadamar alheri. Mu malamai kuma mu ji tsoron Allah, kada mu karɓi sadaka mu yi wa mutum addu'ar ƙarin girma alhali mun san da me yake neman girman.

Fasali na shida

Ka tuba tun da sauran numfashi,
Ka mai da haƙƙi tun gabanin a kira ka.

Wanda ya riga ya faɗa kada ya yanke ƙauna. Hurru ɗan Yazidu shi ne ya zo da mahaya 1,000 ya tare Sayyidina Husaini, jikan Annabi, ya hana shi juyawa har aka kai Karbala, shekara ta 61 bayan hijira, yana bin umurnin gwamnan Kufa. Da ya ga lalle kisa ake nufi, ranar Ashura ya kaɗa dokinsa ya koma wajen Husaini yana neman gafara, aka kashe shi tare da shi. Da safe yana cikin masu tarewa, kafin yamma yana cikin shahidai.

Sai dai tuba daga haƙƙin bayi tana da sharaɗi ƙari a kan nadama da bari da ƙudurin rashin komawa, shi ne mayar da haƙƙi ga mai shi ko neman yafewarsa. Abin da ka karɓa ka mayar, wanda ka doka ka neme shi, wanda ka yi wa rahoton ƙarya ka warware, in akwai jini ka nemi malami mai tsoron Allah ya nuna maka hanyar magada. Wuridi haske ne, istigfari wanka ne, amma carbi ba ya biyan bashi. Kai kuma mai ba da umurni, naka ya ninka, domin kana ɗauke da naka da kwatankwacin na duk wanda ka sa, ba tare da an rage musu kome ba.

Allah ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinsa da dukiyarsu, ya ba masu tsaronmu ƙarfin zuciya da tausayi, ya shiryi shugabanninmu, ya sa mu cika da imani, albarkar Annabi da alayensa. Allah shi ne mafi sani.